Amsoshin Wasiƙunku: Hukuncin Kotun Amurka Kan Auren Jinsi, da Inda Ya Taɓa Mu

A makonnin nan yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a kan batu guda suke, domin wani hoton fadar shugaban Amurka da aka haskaka da launukan bakan gizo ya sake yawo a WhatsApp, haɗe da muryar wani mutum da ke cewa kwanan nan kotu ta halatta auren jinsi kuma dokar ta hau kan duniya baki ɗaya. Na zaɓi wasiƙu huɗu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke zaune a Harobanda, Yamai: Malam, a fadarmu an kwana ana gardama a kan hoton nan. Wasu sun ce ƙarya ce aka haɗa da kwamfuta, wasu sun ce gaskiya ne kuma dukkan Amurkawa sun yi murna. Mene ne ainihin abin da ya faru?

Ɗana, hoton gaskiya ne, amma ba sabo ba ne. An ɗauke shi ne a daren 26 ga Yuni 2015, ranar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da Obergefell da Hodges. Asalin ƙarar ya fi yadda ake ba da labarinta a fada sauƙi. Wani mutum mai suna Jim Obergefell, mazaunin jihar Ohayo, ya tafi jihar Meriland a 2013 tare da abokin zamansa John Arthur, wanda cutar jijiyoyi ta riga ta shanye wa jiki, aka rubuta musu aure a can domin jiharsu ba ta yarda da irinsa ba. Arthur ya mutu bayan watanni uku, sai rikici ya tashi a kan ko za a rubuta sunan Obergefell a takardar shaidar mutuwa a matsayin wanda mamacin ya bari. Aka haɗa wannan ƙara da wasu daga jihohin Mishigan, Kentaki da Tenesi, kotu ta saurare su tare.

Alƙalai tara ne a kotun. Biyar suka ce gyara na 14 na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya yi alkawarin ƴanci da daidaito a gaban doka, ya wajabta wa kowace jiha ta rubuta irin wannan aure, ta kuma amince da wanda aka rubuta a wata jiha. Huɗu suka ƙi. Mai shari'a Anthony Kennedy ne ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, shi kuwa shugaban alƙalan da kansa, John Roberts, yana cikin waɗanda suka ƙi. Kafin ranar, jihohi 36 daga cikin 50 sun riga sun yarda da shi, wasu ta majalisa ko ƙuri'a, da yawa kuma bisa umarnin ƙananan kotuna, saboda haka abin da hukuncin ya yi shi ne tilasta wa sauran jihohin.

Batun cewa kowa ya yi murna kuwa ba haka yake ba. Gaskiya ne jama'a sun cika gaban kotun suna sowa, shugaba Obama ya yaba wa hukuncin, miliyoyin mutane kuma suka lulluɓe hotunansu na Facebook da launukan bakan gizo. Amma a ranar nan ɗin ƙungiyar bishof-bishof na Katolika ta ƙasar ta kira hukuncin babban kuskure, manyan majami'u da dama suka ce ba za su sauya koyarwarsu ba. Bayan hukuncin, wata ma'aikaciyar rajistar aure a Kentaki mai suna Kim Davis ta ƙi sa hannu a takardun bisa hujjar addininta, a watan Satumba na shekarar alƙali ya tsare ta kwana biyar saboda raina kotu, kuma da ta fito taron jama'a ne ya tarbe ta. Matar nan ba ta daina ba, har ta koma Kotun Ƙoli tana neman a soke hukuncin, kotun kuma ta ƙi sauraron ƙararta a watan Nuwamba 2025.

Ya kamata ɗalibi irinka ya lura cewa masu adawar kashi biyu ne. Akwai masu hujjar addini, waɗanda maganarsu ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Akwai kuma masu hujjar tsarin mulki, irin su Roberts, wanda ma'anar maganarsa ita ce kundin bai ce komai a kan wannan batu ba, don haka jama'a da wakilansu ne ya kamata su yanke, ba lauyoyi biyar ba. A nawa ganin wannan hujja tana da nauyi, domin al'amarin da ya taɓa gida da zuriya idan aka yanke shi da rinjayen mutum ɗaya, waɗanda aka kayar ba sa jin an saurare su, kuma gardamar ba ta mutuwa. Sai dai adalci ya sa in faɗa maka amsar ɗaya ɓangaren: sun ce haƙƙin tsiraru ba a sa shi a ƙuri'a, kuma kotun nan ce a 1967 ta soke dokokin da suka hana baƙar fata da farar fata aure, a lokacin da yawancin jama'a ba su so ba. Ra'ayin Amurkawan ma ya sauya cikin sauri. Binciken cibiyar Gallup ya nuna kashi 27 cikin 100 ne ke goyon baya a 1996, ya kai kashi 60 a 2015. Obama kansa ya yi takara a 2008 yana cewa aure tsakanin namiji da mace ne, bai sauya baki a fili ba sai a 2012.

Tambaya ta biyu, daga wani dattijo ɗan kasuwa a Tawa: Malam, ɗana yana ci-rani a Amurka, na ji an ce yanzu dole ne limamai su ɗaura irin wannan aure ko a rufe masallaci. Kuma an ce za a kawo mana dokar nan ta hanyar tallafi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Ina gaskiyar take?

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya kuma tsare yaron a inda yake. Hankalinka ya kwanta a kan maganar limamai. Hukuncin ya shafi hukumomin gwamnati ne masu rubuta aure, wato kwatankwacin ofishin magajin gari a wurinmu, bai shafi masallaci ko majami'a ba. Gyara na farko na kundin tsarin mulkinsu ya hana gwamnati tsoma baki a ibada, kuma Kennedy da kansa ya rubuta a cikin hukuncin cewa masu addini suna da damar ci gaba da koyar da abin da suka yi imani da shi. Dokar da majalisarsu ta yi a Disamba 2022 domin kare irin wannan aure ita ma ta faɗa a fili cewa ba za a tilasta wa cibiyoyin addini su gudanar da bikinsa ba. Masallatan da ƴan Nijar ke salla a cikinsu a Niyok ko Girinsboro suna ɗaura aure yadda aka san shi a Risala, da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai. Inda rigima ta fi tashi shi ne wurin ƴan kasuwa, kamar wani mai gasa kek a jihar Kolorado da ya ƙi yin na irin wannan biki, shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli a 2018, ya kuma yi nasara, ko da yake a kan ƙunƙuntar hujja.

Game da isowar dokar nan ƙasarmu, ga wani misali da nake ganin zai warware maka zancen. A Amurka haramun ne a doka mutum ya rubuta aure da mace fiye da ɗaya, a dukkan jihohi, kuma Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da haramcin tun 1879. Faransa ma tun 1993 ba ta ba mai mata biyu izinin kawo ta biyun. Duk da haka ba a taɓa samun alƙali a Tawa ko Ƙonni da ya raba auren mai mata uku saboda kotun Washinton ta hana ba. Kamar yadda haninsu bai ƙetaro teku ya same mu ba, haka halattawarsu ba ta ƙetarowa. Kotun kowace ƙasa iyakar ikonta ita ce iyakar ƙasar. A Nijar al'amuran aure da saki da gado ana yanke su ne galibi bisa al'adar waɗanda ake yi wa shari'ar, wadda ga mafi yawanmu ta ginu a kan fiƙihun Malikiyya, kuma babu wata hanya, ta al'ada ko ta ofis, da ta san aure in ba tsakanin namiji da mace ba. Musulminmu da Kiristanmu bakinsu ɗaya a kan haka, ni ma a nan na tsaya. Abin lura kuma, Roberts ya taɓo zancen mata fiye da ɗaya a cikin rubutunsa, inda ya ce hujjar masu rinjaye idan aka bi ta za ta iya kaiwa ga halatta shi, alhali ba su yarda da shi ba.

Maganar tallafi kuwa tana da tushe, ba zan ɓoye maka ba. A 2011 firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu luwaɗi da maɗigo, shugaban Ghana na lokacin, Atta Mills, ya mayar masa da martani mai zafi. A Yuni 2013 Obama ya tayar da zancen a Dakar, Macky Sall ya amsa masa a gaban ƴan jarida cewa Senegal ba ta shirya sauya dokarta ba, haka kuma Uhuru Kenyatta ya gaya masa a Nairobi a Yuli 2015 cewa wannan ba shi ne abin da ya dami Kenya ba. Bankin Duniya ya dakatar da sababbin basussuka ga Yuganda a Agusta 2023 bayan dokar da ta yi mai tsanani. Amma a duk waɗannan, gardamar a kan ɗauri da hukunci take, ba a kan a halatta aure ba. Kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a 2002, a wata ƙara daga Niyu Zilan, cewa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta haƙƙin jama'a ba ta wajabta wa ƙasa rubuta auren jinsi ba, kotun haƙƙin ɗan'adam ta Turai ma ta faɗi makamancin haka a 2010 a wata ƙara daga Ostiriya. Shafa wa gemu ruwa daidai ne, Alhaji, amma ya kamata mu san inda wutar take ci tukuna.

Tambaya ta uku, daga wata malamar lakwal a unguwar Yantala: Shin gaskiya ne babu ƙasar Afirka ko ɗaya da ta yarda da shi?

Malama, akwai ɗaya, ita ce Afirka ta Kudu, kuma ta riga Amurka da kusan shekara goma. Kotun tsarin mulkinta ce ta yanke hukunci a Disamba 2005, ta ba majalisa shekara guda ta gyara doka, majalisar ta amince a Nuwamba 2006 da ƙuri'a 230 a kan 41, duk da adawar sarakunan gargajiya da majami'u da malaman Musulunci na ƙasar. Ita ɗin kuma ta amince da auren mata fiye da ɗaya na gargajiya tun dokar 1998. A Namibiya, da Kotun Ƙoli ta ce a 2023 a amince da irin wannan aure idan a waje aka ɗaura shi, majalisa ce ta tashi ta toshe ƙofar. Maƙwabciyarmu Najeriya ta bi ɗaya hanyar, inda Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairu 2014 a kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14. A duniya baki ɗaya, tun daga Holan da ta fara a 2001, ƙasashen da suka halatta ba su kai 40 ba daga cikin 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi halattawa a 2023, ta ce aikin majalisa ne.

Tambaya ta huɗu, daga wata baiwar Allah a Bukoki, Yamai: Malam, ina riƙon ɗan ƙanwata, yaro ne ɗan shekara 17. Na saya masa riga a gwanjo mai ratsin launuka, ban san tana da wata ma'ana ba. Tun da hoton nan ya fito, samarin unguwa suka ɗauki hotonsa da rigar suka watsa, suna kiransa da mummunan suna, har wani ya ce za su koya masa hankali. Yanzu ya daina zuwa lakwal, ya daina zuwa masallaci. Yaya zan yi?

Ƴar'uwa, wasiƙarki ce ta sa na ba da filin wannan mako kacokan ga batun, domin ita ce ta nuna inda hukuncin da aka yanke a nesa, shekaru da suka wuce, yake sauka a zahiri. Bai sauka a kan alƙalan nan biyar ba, waɗanda ba su san akwai Bukoki a duniya ba. Ya sauka a kan yaro ɗan lakwal da innarsa ta saya wa rigar gwanjo. Hausawa suna cewa haushin kaza huce kan dami, kuma mu mutanen Yamai mun ga haka da idonmu. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faris, aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da nan Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Fushin yana da dalili, ni ma na ji shi a ƙirjina, amma waɗanda suka biya bashin maƙwabtanmu ne da muke cin kasuwa ɗaya da su, masu zanen kuwa ko hayaƙin bai kai gare su ba. Duk lokacin da na ji an ce za a koya wa wani hankali a kan labarin da ya zo daga waje, kwanakin nan biyu nake tunawa.

Samarin nan suna ganin addini suke karewa, alhali sun taka iyakokin da addinin ya fi tsanantawa a kansu. Suratul Hujurat ta umarce mu a aya ta 6 da mu bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, aya ta 11 ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ta 12 kuma ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur ta sa bulala tamanin a kan wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, kuma malaman Malikiyya sun sanya jifan namiji da luwaɗi a ƙarƙashin wannan hukunci. Ke nan a ma'aunin shari'a, wanda ya ɗauki hoton ya rubuta sunan nan a ƙasansa shi ne ke da abin amsawa, ba mai rigar ba. Bakan gizo kuwa halittar Allah ne da ke fitowa a samanmu kowace damina, kuma dilar gwanjo ba ta zuwa da takardar bayanin abin da kowane launi ke nufi a ƙasar da aka tattaro ta.

Zan ƙara wani abu da na san wasu masu karatu ba za su so ba. Ko da a ce akwai wanda ake zargi kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya, babu fadar shayi da aka ba ikon tuhuma ko duka ko tona asiri. Rashin yarda da wani aiki daban ne, halatta jinin mutum da mutuncinsa daban ne, kuma malamanmu na da sun san bambancin, shi ya sa suka fifita sutura da nasiha a asirce. Unguwar da ta bar samari suna yanke hukunci da waya da sanda, gobe mai bin wani bashi ko mai neman budurwar wani zai yi amfani da kalmar nan ya gama da abokin hamayyarsa, domin magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

Ga abin da nake ba ki shawara. Kada ki tunkari samarin da kanki, kuma kada ki bar yaron ya tunkare su. Ki nemi kawunsa ko wani babban namiji na gidanku, ku je wurin limamin unguwa da mai unguwa tare, ku kai musu rigar su gani, ku nuna musu saƙonnin, ku roƙi a kira iyayen waɗanda suka watsa hoton a zauna. Abin da za ku nema a zaman abu biyu ne: a goge hoton, kuma wanda ya fara watsa shi ya aika saƙon janyewa a rukunin da ya watsa shi, da muryarsa. Idan liman ya yarda ya taɓo hukuncin ƙazafi a karatunsa na bayan magariba ba tare da ambaton suna ba, hakan zai yi amfani ƙwarai. Kafin zaman ki adana hoton kowane saƙo da ranar da aka aiko shi, musamman na wanda ya yi barazanar duka, domin dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci a kan ɓata suna ta waya, kuma idan sulhu bai yiwu ba, ko aka sake barazana, ku kai ƙara wurin ƴan sanda ba tare da jinkiri ba.

Shi kuma yaron, ki zauna da shi ki gaya masa da bakinki cewa ke kika sayi rigar kuma ba ki ga laifinsa ba, domin yaro a wannan shekaru yakan ɗauka kowa ya yarda da abin da aka faɗa a kansa, har mutanen gida. Ki lura da cinsa da barcinsa, kada ki bar shi shi kaɗai a ɗaki yini guda. Ki je lakwal ki ga darakta ki bayyana masa dalilin rashin zuwansa tun kafin a rubuta masa fashi, sannan kawunsa ya riƙa biyo masa su tafi sallar magariba tare, su tsaya a sahu ɗaya inda kowa zai gan su. Ki sake rubuto mini bayan zaman, in san yadda aka ƙare.